Tsohuwar ƙungiyar makaɗa: ƙirƙira take yi har yanzu, ko maimaici? Tambayoyi da amsoshi kan Tinariwen da ire-irenta

A Katsina da Daura kiɗan jitar Abzinawa ba baƙo ba ne. Yana shigo mana ta Jibiya daga Maraɗi, ta Kwangwalam daga Damagaram, a memorin direbobi da wayoyin masu gadi da masu shayi. Duk majalisar da ake saurarensa kuma akwai gardamar da ba ta mutuwa: wasu su ce waƙa ta ƙare a tsofaffin kaset, abin da ake fitarwa yanzu kwaikwayon kai ne, wasu su ce yanzu ne ma hannu ya faɗa. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa a kan wannan batu. An ɗauki Tinariwen a matsayin babban misali saboda ita ce ta fi daɗewa a cikin masu wannan kiɗa.

Su wane ne Tinariwen, kuma me ya haɗa su da kiɗan rok?

Ƙungiyar makaɗa ce ta Abzinawan arewacin Mali, yawancinsu daga yankin Kidal. Tushenta ya faro a 1979 a Tamanrasset ta Aljeriya, inda Ibrahim Ag Alhabib ya haɗu da wasu samari 'yan gudun hijira irinsa. Ibrahim yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawan Mali na 1963, kuma jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A shekarun 1980 sun zauna a sansanonin horon soja na Libiya zamanin Gaddafi, waƙoƙinsu suna yawo a kaset daga hannu zuwa hannu, babu kamfani, babu ciniki. Wasunsu sun shiga tawayen 1990, bayan yarjejeniyar sulhu ta 1991 suka ajiye bindiga suka rungumi kiɗa.

Abin da ya haɗa su da rok kayan aiki ne: jitar lantarki guda biyu ko uku, da jita mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗan, da ƙungiya mai suna ɗaya da ke fitar da kundin waƙoƙi tana yawon wasa. Amma bugun na gida ne. Daga tende ya samo asali, wato turmin da matan Abzinawa ke ɗaure wa fata su kaɗa, ana tafi ana amshi. A 2007 suna cikin waɗanda suka buɗe wa Rolling Stones, shahararriyar ƙungiyar rok ta Ingila, fili a wani babban wasa a ƙasar Ailan.

Me ake nufi in an ce ƙungiya tana ci gaba ta fuskar fasaha?

Nan ne gardamar take rikicewa, domin kowa da abin da yake aunawa. Wani yana nufin suna da kuɗi da yawan ƙasashen da aka je. Wani yana nufin tsabtar sauti, wanda aikin situdiyo ne, kowa ya samu kuɗi zai saya. Wani kuma sai ya ji an sauya salo gaba ɗaya kafin ya yarda an motsa.

Ma'aunin da na fi gamsuwa da shi tambaya ɗaya ce: akwai abin da wannan sabon kundi ya iya faɗa, ko ya iya sa mai sauraro ya ji, wanda kundayen baya ba za su iya ba? In akwai, an ci gaba, ko da kayan kiɗan ba su sauya ba. In babu, an tsaya, ko da an kawo baƙin makaɗa goma. Da wannan ma'auni aka amsa sauran tambayoyin, musamman ta Shata da ta Rolling Stones da ke ƙasa.

Ni duk waƙoƙinsu iri ɗaya nake ji. Kunnena ne, ko haka suke?

Akwai gaskiya a maganar, kada a raina ta. Yawancin waƙoƙin a kan amo ɗaya suke zama daga farko har ƙarshe, ba sa hawa da sauka irin na waƙoƙin Turawa ko na fina-finan Indiya. Jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, jita ta amsa, a sake zagayowa. Ga kuma harshensu na Tamashek da yawancinmu ba ma ji, don haka rabin abin da ke bambanta waƙa da waƙa ya wuce mu.

Sai dai irin kallon babbar riga ne daga nesa. Duk ɗinki ɗaya ne a idon mai wucewa, sai wanda ya matso ya san wannan aska biyu ce, waccan aska takwas. A nan ma bambancin yana cikin ƙananan abubuwa: wa ke jagorantar waƙar, domin muryar Ibrahim ƙasa-ƙasa take kamar mai magana da kansa, ta Abdallah Ag Alhousseyni kuma ta fi fitowa fili, jita nawa ke magana lokaci guda, tafi ne ke riƙe da kiɗan ko ƙwarya, akwai muryoyin mata a amshi ko babu. Tambaya ta ƙarshe ta nuna yadda za a horar da kunne ya kama waɗannan.

A waɗanne kundaye ne aka ga sauyi na gaske?

Kundinsu na farko da ya fita kasuwar duniya shi ne *The Radio Tisdas Sessions* na 2001, wanda aka naɗa a wani ƙaramin gidan rediyo a Kidal, inda wuta ba ta samuwa sai na 'yan sa'o'i da dare. Sautin a bushe yake, a tsanake, kamar ana kiɗan ne ga mutum biyar da ke zaune a tabarma. *Amassakoul* na 2004 da *Aman Iman* na 2007 sun zo da ƙarfi: jitar lantarki ta buɗe murya, kiɗan ya yi kauri, an gina shi yadda zai cika babban fili. Da a nan suka tsaya suna ta buga irinsa, da babu mai zarginsu, don kasuwa ta karɓa.

Ba su tsaya ba. *Tassili* na 2011 sun naɗe shi ne a cikin hamada kusa da Djanet a kudu maso gabashin Aljeriya, a tanti, kuma suka jingine yawancin jitar lantarkin suka ɗauki ta katako. Ƙungiyar da duniya ta sani da amon lantarki ta rage murya da gangan a daidai lokacin da ake jiran ta ƙara. Wannan kasada ce, kuma ita ta kawo musu Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012. A shekarar ce kuma arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai da suka hana kiɗa, har aka kama ɗaya daga cikin makaɗan ƙungiyar, Abdallah Ag Lamida, a farkon 2013 kafin a sake shi. Dole ta sa *Emmaar* na 2014 aka yi shi a hamadar Joshua Tree ta Kalifoniya a Amurka. Waƙoƙin kewar gida da suka rera suna samari a Libiya suka sake zama gaskiyar rayuwarsu suna dattawa, kuma ana jin nauyin hakan a yadda kiɗan yake tafiya.

A ganina *Amadjar* na 2019 ya fi kowanne nuna cewa da sauransu. Sun tsara waƙoƙin ne a kan hanya, daga Maroko suka bi gaɓar teku har Nuwakshot ta Muritaniya, suka naɗa a tanti da kayan naɗi da aka girka cikin mota, tare da mawaƙiyar Muritaniya Noura Mint Seymali. Muryarta ta kawo wani kaifi da ba a saba ji a kiɗansu ba, kuma ba a ji ta kamar baƙuwa ba. *Elwan* na 2017 yana da kyau ƙwarai, amma bai buɗe sabuwar ƙofa kamar *Tassili* da *Amadjar* ba. Ke nan ci gaban nasu ba a jere yake ba: wani kundi ya yi tsalle, wani ya taka a inda aka riga aka share.

Turawan da suke gayyatowa suna ƙara wa kiɗan armashi ne, ko suna ɓata shi?

Ya danganta da wanda ke riƙe da akala. A *Tassili* an ji mawaƙan ƙungiyar TV on the Radio da makaɗin jita Nels Cline da masu busa ƙaho daga New Orleans. A *Amatssou* na 2023 an shigo da kayan kiɗan karkarar Amurka, irin su banjo da goge, tare da mai tsara sauti Daniel Lanois. Inda abin ya yi kyau, baƙon ya shiga layin 'yan amshi ne, yana bin bugun tende, har sai an faɗa maka kafin ka san yana nan. Inda bai yi ba, za ka ji an ɗora shi a sama, in an cire shi waƙar ba ta rasa komai ba.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce sunan baƙo yana sayar da kundi a Turai da Amurka, kuma kamfanonin da ke fitar da kundayen sun san haka. Ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba, kowa da inda yake neman abincinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a lissafa yawan baƙi a ce shi ne hujjar ci gaba.

In waɗanda suka kafa ƙungiya sun tsufa ko sun rasu, har yanzu ita ce?

Tinariwen tun asali taro ce mai buɗaɗɗiyar ƙofa, mutane na shiga suna fita. Inteyeden, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya rasu tun 1994. Mohammed Ag Itlale, wanda ake wa laƙabi da Japonais, ya rasu a 2021. Wasu sun fita sun kafa tasu ƙungiyar, Terakaft. Shi kansa Ibrahim akwai shekarun da bai bi su yawon wasa ba, ya zauna da iyalinsa. A ɗaya ɓangaren, matasa irin su Eyadou Ag Leche mai jita mai kaurin murya da Said Ag Ayad mai ganga sun shigo, kuma su suka ɗaure kiɗan ya yi ƙarfin da aka ji daga 2004.

Bahaushe ya san wannan tsari. Gidan kiɗa yakan wuce daga uba zuwa ɗa, yaron da ya fara da ɗaukar kaya ya zama ɗan amshi, wata rana ya ja waƙa. Sabon jini yana daga cikin abin da ke hana tsohuwar ƙungiya daskarewa.

Shata ya shekara fiye da hamsin yana waƙa da kalangu bai sauya ba. Shi ma za a ce bai ci gaba ba?

Wannan tambaya ita ke warware rabin gardamar, kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa damar amsa ta. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, mazaunin Funtuwa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, bai taɓa barin kalangu da 'yan amshi ba. Wanda ke auna ci gaba da sauya kayan kiɗa dole ya ce Shata a wuri ɗaya ya tsaya. Amma babu mai hankalin da ya saurari faya-fayansa na ƙuruciya da na manyantaka zai faɗi haka.

Abin da ya yi ta girma shi ne faɗin duniyar da ke shiga cikin waƙar, da ƙwarewar sarrafa ta. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da manoma da sojoji, ya yi wa garuruwa, har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa duniyar wata a 1969 bai tsira ba. Ga shi ba ya rubutawa, nan take yake ƙera baiti, don haka waƙa ɗaya in ya sake ta a wani fili sai ta fito da sabbin ɗiya. Muryar ta yi kauri da shekaru, sauri ya ragu, amma ya san inda zai yi shiru ya bar kalangu ya ƙarasa maganar. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 na wannan tarin aiki ne.

Saboda haka idan dattijo a majalisa ya ce, "Yaro, ai Buzayen nan kiɗa ɗaya suke yi tun kafin a haife ka," amsar da ta dace cikin ladabi ita ce, "Haka ne Baba, amma ai Shata ma kalangu ɗaya ya riƙe." Daga nan sai a koma kan tambayar gaskiya, wadda aka kawo a amsa ta biyu: me suka zuba a cikin kiɗan da babu shi a da?

To manyan ƙungiyoyin rok na Turawa fa, irin su Rolling Stones?

An kafa Rolling Stones a Landan a 1962. A 2023 suka fitar da *Hackney Diamonds*, kundinsu na sabbin waƙoƙi na farko tun 2005, bayan rasuwar mai gangarsu Charlie Watts a 2021, lokacin jagororinsu Mick Jagger da Keith Richards suna bakin shekara 80. Sun ɗauko matashin mai tsara sauti, Andrew Watt, wanda aka haifa a 1990. Kundin yana da kuzari, wanda bai sani ba ba zai ce dattawa ne ba, kuma ya ci Grammy. Amma in aka ɗora shi a ma'auninmu, da wuya a nuna abin da ya faɗa wanda ba su faɗa ba tsakanin 1968 da 1972, shekarun da aka fi yabon aikinsu. Ƙwarewa ce da aka adana da kyau, kuma wannan ma abin girmamawa ne, sai dai sunansa daban.

Beatles, wata shahararriyar ƙungiyar rok ta Ingila, su ne kishiyar haka. Daga 1962 zuwa 1970 kawai suka yi suna naɗar faifai, suka daina wasan fili a 1966 suka tare a situdiyo, kusan kowane kundi da sabuwar fuska, sannan suka watse. Ba a taɓa ganin tsufansu a matsayin ƙungiya ba, shi ya sa kwatanta su da masu shekara arba'in ko sittin a fage ba adalci ba ne.

Me ya sa kusan kowa ke cewa na da sun fi daɗi?

Wani lokaci don sun fi ɗin ne. Ƙungiya takan zuba waƙoƙin da ta tara shekara da shekaru a kundayenta na farko, daga baya kuma sai ta riƙa ƙirƙira cikin gaggawa tsakanin tafiya da tafiya. Amma sau da yawa abin daga wurin mai sauraro yake. Waƙar da mutum ya fara ji yana saurayi, a motar Maraɗi ko a wurin bikin aboki, ta haɗe da ƙuruciyarsa. Ya ji ta sau ɗari, sabuwar kuwa sau ɗaya ya ji ta a wayar wani, ana hayaniya, ya yanke hukunci.

Mene ne ke hana tsofaffin ƙungiyoyi gwada sabon abu?

Babban dalili abinci ne. Yau kuɗin makaɗi a wasan fili yake, ba a sayar da faifai ba, kuma wanda ya sayi tikiti tsofaffin waƙoƙin da ya sani ya zo ji. Duk wanda ya halarci biki a nan gida ya ga irinsa: mawaƙi ya ɗauko sabuwa fili ya yi sanyi, ya koma tsohuwa a tashi ana liƙi. In aka shekara ashirin a haka, mutum yakan koyi abin da ake biya ya tsaya a kai.

Tinariwen suna da wani nauyin na daban. Masu saurarensu na waje suna son hoton rawani da hamada da tarihin tawaye, mutanensu na gida kuma suna kallonsu a matsayin bakin al'umma. Duk ɓangarorin biyu ba sa son su yi nisa da inda aka san su. Idan aka duba haka, komawa jitar katako da suka yi a 2011, wanda aka yi bayani a tambayar kundaye, ba ƙaramar jarumta ba ce.

Matasan da suka taso bayansu ba su wuce su ba?

A wasu fannoni sun wuce. Bombino na Agadas ya fi su saurin yatsa, kuma kundinsa na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy. Mdou Moctar, wanda shi ma ɗan Nijar ne, tafiyarsa ta fi ba da mamaki: kundinsa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa, ya bazu ta memori da Bluetooth, amma zuwa 2021 da 2024 ya koma rok mai tsananin ƙara da ganga mai gudu. Tal National ta Yamai, mai waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, ita ma tana da nata zafin.

Sai dai sauyi a shekara goma sha biyar na farko abu ne da ake tsammani ga kowane mai hazaƙa. Jarrabawar da Tinariwen ke ciki, ta shekara arba'in da ɗoriya, waɗannan ba su kai gare ta ba tukuna.

Yaya zan gwada da kunnena, ba sai an faɗa mini ba?

Da farko a tabbatar da abin da ake saurare. A wurin masu tura waƙa a kasuwa sau da yawa duk kiɗan jitar hamada a jaka ɗaya ake zuba shi da suna ɗaya, sai mutum ya yi ta yanke wa Tinariwen hukunci da waƙar Bombino ko ta wasu makaɗan biki na Agadas. A nemi sunan kundi da shekararsa, a YouTube ko wata manhajar da ke jera su daidai. Na biyu, kada a dogara da lasifikar waya. Ba ta fitar da jita mai kaurin murya ko amon ƙwarya, alhali a nan ne wani ɓangare na bambancin da aka ambata a tambaya ta uku yake. Abin sawa a kunne, ko rediyon mota mai kyau, ya wadatar.

Sannan a zaɓi kundi uku masu nisa da juna, misali na 2001 da na 2007 da na 2019, a ɗauki waƙa biyu daga kowanne. A saurare su a jere, a bar su, a sake komawa bayan kwana biyu, domin sabuwar waƙa ba ta buɗewa a ji na farko. A kowane zagaye a bi abu ɗaya kawai: yau tafi da ganga, gobe yadda jitoci ke ba juna hanya, jibi muryoyi. In akwai Ba'abzine a unguwa, mai gadi ko mai sayar da kayan azurfa, a zauna da shi a roƙe shi ya fassara ko da baiti biyu ne daga tsohuwa da sabuwa. Waƙoƙin farko sun fi kiran jama'a su farka su haɗa kai. Na baya sun fi yawan maganar rarrabuwar kai, da fari, da abin da gwagwarmayar ta haifar da abin da ta kasa, kuma wannan bambanci sai mai jin harshen ne zai iya nuna maka shi baiti da baiti.